Masu garka, ku daina zuba tsimin ganye tsagwaronsa

Daga garkunan Mirriya har fadamun Gidimuni, a yankin Damagaram na Nijar, abu guda muke ta gani tun da aka shiga noman rani. Fangalin salati ko na tumatur, bakin ganye ya ƙone kamar an gifta masa wuta, dashe ya langaɓe alhali ƙasa a jiƙe take. Ka tambayi mai garka, ya ce iska ce, ko tsutsa. Ka matsa masa, ashe tsimin ganye, wato takin ruwa na ganyen da aka jiƙa ya ruɓe, ya ɗebo daga ganga ya kwarara yadda yake, ko ɗigon ruwa bai ƙara ba.

Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Miya na son gishiri, amma wa ke juye mata tiya guda? Tsimin nan ƙarfi gare shi. In ya sauka ba sirki, saiwa yake ƙonawa, ƙaramin dashe kuwa ba ya kai labari.

Mun san abin da ke jawo haka. Takin zamani ya yi tsada, mutum ya sha wahalar yankan ganye, yana ɗokin ya ga shuka ta zabura. Allah ya saka da wannan himma. Amma don Allah a riƙe awo: lita 1 ta tsimi, lita 10 ta ruwa, a zuba a gindin shuka. In feshi za a yi a kan ganye, lita 1 cikin lita 20. A fara ban ruwa tukuna, sannan a zuba, da sassafe ko bayan la'asar. Sau ɗaya a sati biyu ya isa. Sabon dashe a ƙyale shi sai ya kama ƙasa.

Haɗin kuwa a gurguje:
Ɗanyen ganye yankakke kilo 1 (zogale, tafasa, ganyen wake, da ɗan na dogon yaro) cikin ruwa lita 10. Ban da ganye mai cuta da ciyawar da ta yi ƴaƴa.
Gangar roba ko randa, ba ta ƙarfe ba, ba kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba.
A aje a inuwa, a rufe da buhu, kada a toshe bakin.
A motsa da sanda kullum. Ranar da kumfa ta daina tasowa ya nuna: wajen sati guda a zafi, kusan biyu da hunturu.
A tace da tsumma, in ba haka ba diddiga ta toshe bakin abin ban ruwa. Tukar a kai ramin taki.

Salati ɗanye ake cinsa, don haka a gindi kawai, kuma a dakata sati biyu kafin cira.

Wanda ya riga ya kwarara tsagwaronsa yau, kada ya jira gobe. Ya koma garka yanzu ya malala wa fangalin ruwa zalla, ya sake da safe.