Waiwaye: Yadda Aka Kwashe Kifin Kod Daga Tekun Newfoundland

Ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan harkokin kamun kifi na Kanada, John Crosbie, ya sanar a birnin St. John's cewa an dakatar da kamun kifin kod a ruwan gabashin Newfoundland da Labrador. Yana magana a ɗakin taron wani otal, fusatattun masunta na waje suna dukan ƙofa. Mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba sana'a. Ya ce hanin na shekara biyu ne. Sai da ya kai shekara 32.

Wannan ruwa kuwa shi ne wanda wani matuƙin jirgin ruwa mai suna John Cabot ya isa a 1497 daga Bristol ta Ingila, har labari ya koma Turai cewa ko kwando ka zura za ka ɗebo kifi. Masuntan Fotugal da Faransa da Sifaniya da Ingila suka yi ta tururuwa can kowace shekara. Abin da ya ba kod daraja shi ne naman nan nasa fari wanda kusan ba shi da kitse. In aka tsaga shi aka zuba gishiri aka shanya, sai ya shekara bai lalace ba, a zamanin da ba firji. Kiristocin Katolika, da addini ya hana su cin nama ranar Juma'a da lokacin azuminsu, su ne manyan masu saye. Baragurbin kuwa, wanda Turai ba za ta karɓa ba, shi ake kaiwa gonakin rake na Karebiyan a ciyar da bayin da aka kwaso daga Afirka.

Mu ma kifin nan ba baƙonmu ba ne. Busasshen kifin nan mai taurin itace da Ibo ke kira okporoko daga Norway ake kawo shi, inda ake rataye kod a kan katako iskar sanyi ta busar da shi ba gishiri. Najeriya na cikin manyan kasuwanninsa, musamman kawunan.

Shekara ɗari huɗu da doriya ana wannan su da ƙugiya da ƙananan jirage, tekun kuma yana mayar da abin da aka ɗiba. Abin ya sauya a 1954, da Birtaniya ta fito da jirgin Fairtry, wanda masana'anta ce sukutum a kan ruwa. Ya ja taru ta ƙasan teku, a feɗe kifin a daskarar da shi nan take, ya yi makonni bai ga tudu ba. Tarayyar Sobiyet da sauran ƙasashen Turai suka bi sahu, ga kuma na'urar da ke nuna inda kifi ya taru. A 1968 kaɗai an kama tan 810,000.

Ƙasar Iceland, wadda ita ma jiragen baƙi ke kwasar kod a ruwanta, ta farga da wuri. Daga 1958 zuwa 1976 ta yi ta faɗaɗa iyakar ruwanta, daga mil 12 zuwa 50 zuwa 200, jiragen sintirinta na yanke igiyar tarun Birtaniya, har ta yi nasara. Kanada ma ta ja tata iyakar mil 200 a 1977. A nan ne, a ganina, aka yi babban ganganci. Maimakon a bar ruwan ya huta bayan an kori baƙi, sai Kanada ta zuba nata manyan jiragen a gurbinsu.

Masuntan bakin gaɓa, masu ƙananan kwale-kwale, su suka fara kuka tun cikin shekarun 1980: kifin da suke samu yana raguwa, kuma ƙanana ne. Ba a saurare su ba, don alƙaluman gwamnati sun jingina da abin da manyan jirage ke kamawa, su kuwa tarunsu na fitowa a cike. Ashe kod, in ya ragu, dunƙulewa yake yi wuri guda, na'ura kuma ta kai jirgi daidai kansa, har a wuraren da yake taruwa don zuba ƙwai. Kullum ana ganin riba, alhali jarin ake ci. 'Yan siyasa kuma, ko da masana suka ce a rage kamu sosai, tsoron rufe masana'antun sarrafa kifi ya sa suka rage kaɗan.

Lokacin da aka hana, manyan kifin da suka rage ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari na yawansu na da ba. Ƙauyukan gaɓa suka fara watsewa, matasa suka tafi ci-rani lardunan Alberta da Ontario na Kanada, waɗanda suka zauna suka koma kamun ƙaguwa da jatan lande. Sai a watan Yunin 2024 gwamnati ta ɗage hanin, ta ba da izinin kama tan 18,000 a shekarar, wasu masana na cewa an yi gaggawa.