Dokar Amurka kan ba tsofaffi antibayotik a gidajen kula da su

Tun daga 28 ga Nuwamba 2017, duk gidan kula da tsofaffi da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, shirye-shiryen gwamnati na biyan kuɗin jinya a Amurka, dole ya sa ido kan yadda ake ba mazaunansa antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar CMS, mai kula da waɗannan shirye-shirye, ce ta fitar da ƙa'idar a 2016. Abu biyu take nema: rubutaccen tsarin da ya fayyace lokacin da za a ba da maganin, da hanyar bin diddigin wanda aka bayar. A Nuwamba 2019 aka ƙara da cewa kowane gida ya ware ma'aikaci mai horo kan hana yaɗuwar cuta.

Ba a ɗaure wa likita hannu ba, an dai ce ya zo da hujja. Dalili kuwa, hukumar CDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Amurka ta ce har kashi 70 cikin ɗari na mazauna waɗannan gidaje suna shan antibayotik a shekara, kuma kashi 40 zuwa 75 na wanda ake rubutawa ko ba a buƙatarsa ko an ba da shi ba daidai ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne fitsari. Tsohuwa ta wayi gari a rikice, fitsarinta ya yi duhu yana wari. Nas ta buga wa likita waya, shi kuwa galibi ba ya gidan, ya ce a kai gwaji. Gwaji ya nuna ƙwayoyi, sai magani. Alhali tsofaffi da yawa suna ɗauke da ƙwayoyi a mafitsara ba tare da ciwo ba, balle masu robar fitsari, kuma wataƙila ƙarancin ruwa ne kawai ya rikita ta. Maganin ya share ƙwayoyin hanji masu amfani, ya buɗe wa wata ƙwayar cuta mai suna C. difficile ƙofa, ta kawo gudawar da ke iya kashe tsoho. Ƙwayoyin da suka bijire wa magani kuma su bi ɗaki-ɗaki.

Shi ya sa CDC ke ba da shawarar a rubuta dalilin kowane magani da adadinsa da kwanakinsa, a sake dubawa bayan kwana biyu ko uku ko za a tsayar. Masu binciken jiha suna duba takardun, gidan da ya gaza a rubuta masa laifi. A ganina mai wuyar ita ce 'yar da ta zo ziyara ta tsaya kan nas tana cewa, "Ku ba Mama wani abu mana."