Sanata a Kenya da Rabon Kuɗin Gundumomi

Sanata a Kenya ɗan majalisar dattawa ne mai wakiltar ɗaya daga cikin gundumomi 47 na ƙasar, waɗanda ake kira kaunti da Swahili. Sashe na 96 na kundin tsarin mulkin 2010 ya ɗora wa majalisarsa kare muradun gundumomi, da yanke yadda za a raba musu kuɗin shigar ƙasa, da kuma sa ido a kan yadda gwamnoni ke kashe abin da ya shiga hannunsu. Shi kansa sanatan ba ya riƙe baitulmali kuma ba ya ba da kwangila. Abin da ke hannunsa ƙuri'a ce a ranar rabo, da ikon kiran gwamna ya zo ya yi bayani.

Asalin kujerar

Kenya ta samu 'yancin kai a 1963 da majalisu biyu da tsarin larduna da ake kira majimbo. Gwamnatin Jomo Kenyatta ba ta yi na'am da tsarin ba, kuma a 1966 aka rushe majalisar dattawa aka haɗe ta da ta wakilai. Daga nan aka shafe fiye da shekara arba'in ana yanke komai daga Nairobi, yankunan arewa irin su Turkana da Marsabit da Wajir da Mandera suka zauna ba tituna, ba isassun asibitoci. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2007 ya ƙara wa masu neman a saki mara ga yankuna ƙarfi. A watan Agustan 2010 jama'a suka amince da sabon kundin tsarin mulki, wanda ya kawo abin da ake kira ugatuzi, wato sauke iko da kuɗi zuwa ƙasa. Sanatocin farko na sabon tsari sun fito a zaɓen Maris 2013, Ekwee Ethuro ya zama shugaban majalisar.

Majalisar tana da zaɓaɓɓu 47, da mata 16 da jam'iyyu ke naɗawa, da wakilan matasa biyu, da na masu buƙata ta musamman biyu, sai shugaba. Amma idan magana ta shafi gundumomi, ba da kawunan mutane ake ƙirga ƙuri'a ba. Kowace gunduma ƙuri'a ɗaya ce, kuma sai an samu 24 kafin ƙuduri ya wuce. Ke nan Lamu mai ƙarancin jama'a da Nairobi mai miliyoyi nauyinsu ɗaya a wannan rana.

Yadda ake rabon

Rabon hawa biyu ne. Na farko tsakanin gwamnatin ƙasa da gundumomi baki ɗaya, inda tsarin mulki ya ce kason gundumomi kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, bisa lissafin da aka tantance na baya-bayan nan wanda majalisar wakilai ta amince da shi. Akwai kuma asusu na rabin kashi ɗaya cikin ɗari domin yankunan da aka bari a baya. Hawa na biyu shi ne raba wancan kaso tsakanin gundumomi 47, kuma nan ne ainihin gidan sanata. Hukumar rabon kuɗin shiga, CRA, tana ba da shawara, majalisar dattawa ce ke tsayar da ma'auni. Ma'aunin farko ya ba yawan jama'a kashi 45, rabon daidai wa daida kashi 25, talauci kashi 20, faɗin ƙasa kashi 8, kyakkyawan riƙon kuɗi kashi 2.

Tun a shekarar farko aka fara jan-in-ja. A 2013 majalisar wakilai ta ware wa gundumomi shilin biliyan 210, sanatoci suka ɗaga zuwa 258, aka yi biris da gyaransu aka kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu. Sanatoci suka garzaya kotun ƙoli, ita kuma ta ce ba a raba kuɗi tsakanin hawa biyu na gwamnati ba tare da majalisar dattawa ba. A 2019 aka sake kwatawa: sanatoci sun tsaya a kan biliyan 335, aka ja har watan Satumba, wata na uku da shiga sabuwar shekarar kuɗi, sannan aka daidaita a kan biliyan 316.5. Kafin nan albashin ma'aikata ya maƙale a gundumomi da dama, kuma da yake asibitocin gunduma da noma da makarantun share fage duk a wuyan gwamnoni suke, talaka ne ya ji a jikinsa.

Taƙaddamar 2020 ta fi kowacce zafi, domin a wannan karon tsakanin sanatocin ne kansu. Sabon ma'aunin da aka gabatar ya rage nauyin faɗin ƙasa, ya karkata ga yawan jama'a da ayyukan da ake yi musu. Sanatocin yankin Dutsen Kenya da sauran wurare masu cunkoso suka rungumi taken mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, shilin ɗaya. Na arewa da na gaɓar teku suka ce kai ruwa ko magani ƙauyen da ke nesa da gari da kilomita ɗari ba kuɗinsa ɗaya da na unguwar birni ba. Abin lura shi ne wasu sanatocin da gundumominsu za su ci riba sun ƙi sabon ma'aunin, suka ce ba za su ƙoshi da abin da aka cire daga bakin wani ba. An zauna sau da dama ana tashi baram-baram, har 'yan sanda suka kama sanatoci uku a ranar da za a kaɗa ƙuri'a a watan Agusta, majalisa ta ƙi ci gaba da zama. Sai a Satumba aka warware, bayan Shugaba Uhuru Kenyatta ya yi alƙawarin ƙarin kuɗi, kason ya kai biliyan 370 daga shekarar kuɗi ta 2021/22, ta yadda babu gundumar da za ta samu ƙasa da abin da ta saba.

Bin sawun kuɗi

Kwamitin majalisar mai duba asusun gundumomi yana aiki da rahotannin babban mai binciken kuɗi na ƙasa, yana kiran gwamnoni su amsa tambayoyi a kan kwangilar da aka biya ba a yi ba, da bashin 'yan kwangila, da ma'aikatan bogi. Gwamnoni sun daɗe suna cewa wannan hurumin majalisun gundumomi ne. A 2022 kotun ƙoli ta tabbatar wa majalisar dattawa ikon kiransu. Sai dai kotu ta taka wa sanatoci burki su ma: a 2015 ta soke dokar da ta naɗa su shugabannin hukumomin raya gundumomi, domin mai sa ido ba ya zama mai zartarwa.

Makami mafi kaifi shi ne tsigewa. Majalisar gunduma ce ke farawa da rinjayen biyu bisa uku, majalisar dattawa ta saurari tuhumar ta yanke. Ta haka Ferdinand Waititu na Kiambu da Mike Sonko na Nairobi suka rasa kujerunsu a 2020, Kawira Mwangaza ta Meru a 2024. Martin Wambora na Embu, wanda aka tsige a 2014, kotu ta mayar da shi.

Raunin tsarin a bayyane yake, kuma ya cancanci damuwa. Kwamiti ba ya gurfanar da kowa, shawara kawai yake miƙa wa hukumar yaƙi da cin hanci da masu gabatar da ƙara. Rahoton bincike kan zo gaban kwamiti bayan kuɗin sun daɗe da tafiya, wani lokaci gwamnan ma ya bar ofis. Sanatoci da yawa kuma suna hangen kujerar gwamnan da suke tuhuma, abin da ke ba gwamnoni damar cewa binciken yaƙin neman zaɓe ne. Ga shi kuma baitulmalin ƙasa kan yi jinkirin sakin kason gundumomi har na watanni, duk da sashe na 219 ya ce a tura shi ba tare da ɓata lokaci ba kuma ba ragi.