Zubar da Ciki da Mafarin Ran Mutum a Idon Doka

Muhawarar zubar da ciki ta ginu ne a kan tambayar lokacin da ɗan tayi yake zama mutum a idon doka. Ilimin halitta ya tabbatar cewa halittar tana somawa daga haɗuwar maniyyin namiji da ƙwan mace. Abin da ake jayayya a kai shi ne ranar da doka za ta fara tsaya wa ɗan tayi kamar yadda take tsaya wa wanda aka haifa, da abin da za a yi idan haƙƙinsa ya ci karo da na uwarsa. Dokoki kaɗan ne suka yanke magana da rana guda. Galibinsu kashi-kashi suke ba shi haƙƙi, gwargwadon girman cikin.

Tarihi

A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotle, masanin falsafar Girka, ya ɗauka cewa ɗan tayi namiji yakan fara motsi a wajen kwana 40, mace kuma a wajen kwana 90, ra'ayin da ya daɗe yana tasiri a Turai. Dokar Rumawa ba ta ɗauki abin da ke ciki a matsayin mutum ba, amma ta ajiye masa gado: idan mutum ya mutu ya bar matarsa da juna biyu, a kan lissafa da cikin, muddin ya zo da rai. Malaman Yahudu sun gabatar da ran uwa idan naƙuda ta yi tsanani, har sai mafi yawan jikin jaririn ya fito.

A fiƙihun Musulunci mas'alar ta rataya ne a kan hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito: kwana 40 ɗigon maniyyi, sai wasu 40 gudan jini, wasu 40 kuma tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Daga nan aka samo wa'adin kwana 120. Bayansa malamai sun haɗu a kan haramci, sai dai in ran uwa ne za a ceta. Kafinsa ne aka saɓa. Malikiyya sun fi tsanantawa, domin mashhurin mazhabar ya hana taɓa ciki tun daga lokacin da mahaifa ta riƙe shi, ko bai kai kwana 40 ba, alhali da yawa daga Hanafiyya sun sassauta idan akwai uzuri. Hukuncin diyya ya fi komai fito da matakan fili. Wanda ya bugi mace ta yi ɓari, abin da ke kansa shi ne gurra, kashi ɗaya cikin 20 na cikakkiyar diyya, wato raƙuma biyar. Idan kuwa jaririn ya faɗo da rai, ya yi kuka, sannan ya cika saboda bugun, diyya cikakkiya ce, kuma ya ci gado.

Tsohuwar dokar Ingila ta kafa iyakarta a kan motsin ciki, wanda uwa kan fara ji a wajen wata na huɗu zuwa na biyar. Idan aka yanke wa mace hukuncin kisa ta ce tana da ciki, kotu kan tara dattawan mata su duba ta. In sun tabbatar cikin yana motsi, sai a jinkirta hukuncin har ta haihu. Dokar 1803 ta sanya kisa a kan zubar da cikin da ya fara motsi, a 1837 kuma aka soke bambanta cikin da ya yi motsi da wanda bai yi ba. Cocin Katolika ma ya daina bambanta cikin da ya yi siffa da wanda bai yi ba a 1869, zamanin Fafaroma Pius na IX.

Ƙarni na 20 zuwa yau

Rasha ta Sobiyet ce ta fara halatta zubar da ciki a 1920, ta hana a 1936, ta sake halattawa a 1955. Dokar Birtaniya ta 1967 ta yi aiki da iyakar mako 28, aka mayar da ita 24 a 1990 saboda ci gaban da aka samu wajen rainon bakwaini. A Amurka, kotun ƙoli a shari'ar Roe da Wade ta 1973 ta ce ba huruminta ba ne ta yanke lokacin da rai yake farawa, ta halatta zubarwa kafin matakin da ɗan tayi zai iya rayuwa a wajen mahaifa. A Yunin 2022 ta rushe wannan hukunci, ta bar wa jihohi.

Jamus ta bi tsakiya: kotun tsarin mulkinta ta ce wajibi ne gwamnati ta kare ɗan tayi, amma ba a hukunta macen da ta zubar a cikin mako 12 na farko bayan ta je an ba ta shawara. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ce rai yana farawa daga ɗaukar ciki, amma ya bar ƙofa idan ran uwa ko lafiyarta na cikin haɗari. Ireland ta soke haninta ta ƙuri'ar raba gardama a 2018, Faransa kuma ta shigar da 'yancin zubarwa cikin tsarin mulkinta a 2024.

Yarjejeniyoyin duniya

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kariya kafin haihuwa da bayanta a gabatarwarta, amma ba ta faɗi inda yarinta take farawa ba. Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda ƙasashen Afirka suka yi kan haƙƙin mata, ta yarda da zubarwa a kan fyaɗe, da cikin muharrami, da haɗari ga uwa.

Matsayin ɓangarori

Masu hani suna cewa rai ɗaya ne daga ɗaukar ciki zuwa mutuwa, kuma duk iyakar da aka ja a tsakani son zuciya ce. Masu halattawa suna cewa mace ce ke da iko da jikinta, kuma hani yakan tura mata hannun waɗanda ba ƙwararru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana zubar da ciki kusan miliyan 73 a shekara, kimanin kashi 45 cikin 100 ta hanyoyi masu haɗari.

Haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wanda aka fara haihuwa ta hanyarsa a 1978, ya fitar da tambayar daga mahaifa. Birtaniya ta hana bincike a kan ɗan tayi bayan kwana 14. A Fabrairun 2024 kotun ƙolin jihar Alabama ta ce 'yan tayin da aka daskarar yara ne a ƙarƙashin dokar neman diyyar rai, wasu asibitocin jihar suka dakatar da aikin har sai da majalisarta ta yi musu dokar kariya.