Ajin Mata da Ciwon Fargaba: Ina Karatu Ke Taimakawa, Ina Yake Tsayawa?

Wace irin damuwa ake nufi?

Ba ta ranar da cefane ya gagara ba. Ana nufin zullumin da ke zauna wa mace wata da watanni: faɗuwar gaba ba dalili, barci ya ƙaurace, ko waya ce ta yi ƙara sai zuciya ta tsinke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da wannan ciwo, kuma mata sun fi yawa.

Ajin dabarun rayuwa yana rage shi da gaske?

An gwada an gani. A kwarin Swat na Pakistan, inda aka sha rikici, an riƙa tara mata rukuni-rukuni, zama biyar, mako-mako. Masu koyarwar ba likitoci ba ne, matan yankin ne da aka horar. Ana koya musu jan numfashi a hankali, da ware matsala guda a nema mata mafita maimakon a haɗa bashi da kishiya da ciwon yaro a tunani ɗaya, da neman wadda za a faɗa wa damuwa. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa bayan wata uku fargabarsu ta ragu fiye da ta waɗanda ba su shiga ba.

To Islamiyya fa?

Ya danganta da bakin malama. Masana halayyar ɗan'adam, irin su Kenneth Pargament, sun nuna cewa wanda ke jin Allah na tare da shi ya fi samun natsuwa, wanda kuwa ya ɗauki ciwonsa azaba ce, damuwarsa kan ƙaru. Malamar da ta koyar da cewa Annabi (SAW) da kansa ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki ta sauke wa ɗaliba nauyi. Wadda ta ce "raunin imani ne ke damunki" ta ƙara mata wani. Kada kuma a raina amfanin fita zuwa ajin ma: matar da ta wuni cikin gida ta samu abokan hira.

Yaushe za a je asibiti?

Idan abin ya hana mace abinci, barci ko kula da yara, ko ta fara tunanin cutar da kanta. A roƙi likita ya duba jini ma, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan sa bugun zuciya mai kama da fargaba.