Shan Ruwa Bayan Tiyatar Ɗaure Tumbi: Tambayoyi da Amsoshi

A Katsina da Daura ana samun mutanen da ƙiba ta yi wa nauyi har ta kai su ga tiyata, wasu a Abuja ko Legas, wasu a Masar ko Indiya, su dawo gida da takardar ƙa'idojin abinci da ba a rubuta ta don mai cin tuwo da shan fura ba. Hankalin iyali yakan tafi ga abin da majinyaci zai ci, a manta da abin da zai sha, alhali ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da irin waɗannan mutane gadon asibiti a makonnin farko.

Mece ce wannan tiyata, kuma me ya haɗa ta da shan ruwa?

Likitoci suna kiran ta gastirik band. Zobe ne na roba mai laushi, irin ta silikon, da ake zagaye saman tumbi da shi ta ƙananan hudoji a ciki, ba tare da an yanke komai daga tumbin ba. Zoben yana raba tumbi gida biyu: ƙaramar jaka a sama wadda ba ta ɗaukar fiye da mililita 15 zuwa 30, wato cikin cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu, sai sauran tumbin a ƙasa, da siririyar ƙofa tsakaninsu. Akwai bututun da ya taso daga zoben zuwa wani ɗan maɓalli da aka binne a ƙarƙashin fatar ciki, kuma ta nan ne likita yake ɗura ruwan gishiri da allura don ya ƙara matse zoben, ko ya zuƙe don ya sassauta shi. Wani likita ɗan asalin Habasha, Mitiku Belachew, shi ne ya fara saka irin wannan zobe ta ƙananan hudoji a Beljiyam a 1993, sannan hukumar magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001.

Ruwa yana wucewa ta wannan ƙofa cikin sauƙi idan ya zo kaɗan-kaɗan. Idan kuwa aka kwarara shi lokaci guda, sai ya taru a jakar da ba ta da wurin ajiye shi, ya danna ƙirji, ya komo baki. Buƙatar jiki ga ruwa tana nan yadda take, hanyar shigarsa ce ta ƙuntata, kuma duk sauran ƙa'idojin daga nan suka samo asali.

Ruwa nawa ya kamata a sha a rana, kuma ta yaya?

Abin da akasarin likitocin wannan fanni suke nema shi ne lita ɗaya da rabi zuwa lita biyu a rana. A lissafin gida, ledar fiya wata guda rabin lita ce, saboda haka leda uku zuwa huɗu ke nan. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina yake haura maki 40 kuma gumi ba ya tsayawa ko da dare, wannan adadi shi ne mafi ƙaranci. Hunturu ma yana da nasa haɗari, domin busasshiyar iska tana janye ruwa daga jiki ba tare da mutum ya ji ƙishi ba. Mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya da likita ya ƙayyade masa ruwa, ya tsaya a kan abin da aka ƙayyade masa.

Wahalar tana ga yadda za a shigar da shi. Mun saba mu bari sai ƙishi ya kama mu sosai, sannan mu kafa kai a moɗa ko mu fasa leda mu ɗaɗɗake ta a tsaye. Mai zobe ya rabu da wannan ɗabi'a, domin ba zai iya rama ruwan wuni guda a zama ɗaya ba. Sai ya riƙa kurɓa, maƙwarwa ɗaya, ya dakata ta sauka, sannan ya ƙara, tun daga asuba har lokacin kwanciya. Na fi ganin amfanin a juye ruwan a gora mai awo a ajiye ta kusa da hannu, a kasuwa ne ko a ofis, domin matsa leda a baki yana tura ruwa da iska da ƙarfi, kuma ido yana ganin abin da ya rage a gora. Tsinken zuƙar lemo ma ana so a bar shi saboda iskar da yake shigarwa. Wannan ladabi ba baƙo ba ne gare mu, tun da ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan yi numfashi sau uku idan yana sha, ba ya shanyewa a tashi ɗaya.

Me ya sa ake hana haɗa ruwa da abinci?

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi yi wa Bahaushe wuya, domin ba a ajiye kwanon tuwo ba tare da kofin ruwa a gefe ba. Ana so a daina sha kimanin minti 30 kafin cin abinci, kada a sha ana ci, sannan a jira aƙalla minti 30 bayan an gama. Dalili na farko shi ne ruwa yana narkar da abincin da ke cikin jakar ya wanke shi zuwa ƙasa da wuri, sai ƙoshi ya gushe, mutum ya ci fiye da kima, amfanin tiyatar ya tafi a banza. Dalili na biyu ya fi tsanani: idan loma ta tsaya a bakin ƙofar aka bi ta da ruwa, ruwan ba shi da mafita sai sama, sai amai. Yawan amai kuwa yana iya sa tumbi ya zame ta cikin zoben, abin da kan kai ga sabuwar tiyata.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da tuwo. Mun saba haɗiye loma da miyar kuka ko kuɓewa ba tare da tauna ba, kuma idan ta tsaya mu tura ta da ruwa. Ga mai zobe, lomar za ta zama ƙarama, a tauna ta sosai. In ta maƙale, ya daina ci, ya miƙe ya ɗan taka, ya ba ta lokaci, kada ya kai kofi baki.

A mako ɗaya zuwa biyu na farko ba a ma kai ga wannan ba, domin abin ruwa-ruwa kaɗai ake sha, kamar romo da aka tace da madara marar maiƙo, daga nan a koma ga abin da aka markaɗa, sai wajen mako na huɗu zuwa na shida a fara abinci mai tauri bisa umarnin likita.

Fura da nono, kunun zaƙi, zoɓo da lemon kwalba fa, suna cikin lissafi?

Ruwa ne, amma ba daidai suke da ruwa ba. Zoben yana tare abinci mai tauri, ba ya tare abin sha, saboda haka kwaryar fura da aka dama da sukari za ta wuce sumul da duk kuzarin da ke cikinta, mutum ya yi ta mamakin yadda nauyinsa ya ƙi sauka. Haka kunun zaƙi da kunun gyaɗa da shayi mai kauri. Fura abinci ce, a ƙirga ta cikin abinci, a sha kaɗan. Zoɓon da ba a zuba wa sukari ba babu laifi, haka shayi marar ƙarfi. Lemon kwalba mai gas kuwa a bar shi gaba ɗaya, domin gas ɗinsa yana kumbura jakar ya haifar da ciwo da gyatsa, ga kuma sukarin da ke ciki.

Ruwan sanyi yana cutarwa?

Ba ya lalata zoben, sai dai wasu suna jin ruwa mai ƙanƙara yana tsaya musu a ƙirji. Ruwan randa ko na tulu ya fi musu sauƙi. Da yawa kuma suna jin zoben ya fi matsewa da safe, sai ruwan ɗumi ya buɗe musu hanya.

Mai zobe zai iya yin azumin Ramadana?

Azumi a yankinmu yana ɗaukar sa'a 13 zuwa 14, kuma wanda ba ya iya kwankwaɗa, sannan dole ya raba ruwa da abinci, lokacin da ke tsakanin magariba da sahur yana yi masa kaɗan. A watannin farko bayan tiyata, musamman kafin a daidaita matsin zoben, likitoci sukan ba da shawarar a jinkirta, kuma aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwamen ya rama a wasu kwanaki. Ya tambayi likitansa, ya kai amsar ga malaminsa. Wanda aka ba izini ya buɗe baki da kurɓin ruwa, ya yi sallar magariba, sannan ya ci, ya jira rabin sa'a, ya ci gaba da kurɓa har cikin tarawihi da bayanta. Idan jiri ko amai ya kama shi da rana, ya sha ruwa.

Waɗanne alamomi ne suke nuna an shiga haɗari?

Fitsari shi ne ma'auni mafi sauƙi. Idan ya yi fari ko ruwan ɗorawa mai haske, ruwa ya wadata. Idan ya yi ja kamar shayi kuma ya ragu, jiki ya fara bushewa. Ana kuma ganin bushewar baki, ciwon kai, jiri idan an miƙe, bugun zuciya da sauri da taurin bayan gida, in abin ya daɗe har tsakuwar ƙoda. Wanda gudawa ko zazzaɓin cizon sauro ya kama yana rasa ruwa da sauri fiye da yadda zai iya mayarwa, don haka ya fara kurɓar ruwan gishiri da sukari na kemis, ya nemi asibiti da wuri.

Akwai alamar da ba a kwana da ita a gida: mutum ya kasa haɗiye ruwa ko yawunsa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwo mai tsanani ya kama saman cikinsa. Wannan yana iya nufin zoben ya matse fiye da kima ko tumbi ya zame, kuma jiƙo ko maganin gargajiya ba zai wuce ta ƙofar da ta toshe ba. A kai shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibitin gwamnati da ke Daura, a faɗa wa likita tun daga bakin ƙofa cewa yana da zobe a tumbi, a nuna takardun tiyatar, domin a saka masa ƙarin ruwa ta jijiya yayin da ake neman wanda zai zuƙe ruwan zoben. Tun kafin a baro asibitin da aka yi aikin, ya kamata iyali su karɓi lambar wayar likitan tiyatar da rubutaccen bayanin samfurin zoben da yawan ruwan da aka ɗura a cikinsa.