Me Ake Nufi da "Labarin Bawa Daga Bakinsa"?

Masana tarihi suna da suna na musamman ga wani rukunin littattafai: labarin bawa daga bakinsa. Ana nufin rubutun da mutumin da aka bautar ya yi da hannunsa, ko ya faɗa wani ya rubuta masa, yana ba da labarin yadda aka kama shi, abin da ya gani a hannun iyayengiji, da yadda ya kuɓuta idan ya kuɓuta. Yawancinsu sun fito ne a Ingila da Amurka daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu yaƙi da cinikin bayi suna buga su don jama'a su ji daga bakin mai ita. Na Olaudah Equiano ya fito a 1789, na Frederick Douglass a 1845, kuma dukansu an rubuta a bangonsu cewa mai labarin ne ya rubuta da kansa. Wannan jimla ba ado ba ce. A lokacin ana cewa baƙar fata ba shi da kan karatu, har jihar Karolina ta Arewa ta kafa doka a 1830 da ta hana koya wa bawa karatu da rubutu.

Shekara guda bayan wannan doka, a wannan jihar dai, wani dattijo mai suna Umar bin Sa'id ya zauna ya rubuta tarihinsa da Larabci, shafi 15. Shi bai jira wani ya koya masa ba, da iliminsa aka kamo shi. Mutumin Futa Toro ne, a bakin kogin Senegal, ya ce shekara 25 ya yi yana neman ilimi kafin mayaƙa su afka wa garinsu. Wata ɗaya da rabi suka yi a teku, aka sayar da shi a Charleston, wani birni a gaɓar tekun Amurka, a 1807. Ya gudu daga hannun wani mugun ubangida, aka kama shi a Fayetteville aka kulle, ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku, mutanen gari suna zuwa kallon abin da ba su iya karantawa. Daga nan ya koma hannun wani sabon ubangida, James Owen.

A nan ne karatun irin waɗannan littattafai ke buƙatar natsuwa. Umar ya yabi Owen da iyalinsa, ya ce sun ciyar da shi abin da suke ci, ya kuma yi maganar addinin Kirista da aka ce ya shiga. To amma da me ya buɗe takardar? Da Bismillah, da salati ga Annabi, sannan Suratul Mulk, wato Tabara da muke cewa a makarantar allo, surar da ta fara da cewa mulki a hannun Allah yake. A Larabci mulki da mallaka tushensu ɗaya. Mutumin da doka ta ce dukiyar wani ne ya fara labarinsa da faɗin wane ne mai mallaka na gaskiya, cikin harshen da ubangidansa ba ya ji. Ni dai ban yarda katsaham aka yi haka ba. Wanda ke rubutu a gidan mai iko da wuyansa ba ya faɗin komai a fili, sai mai karatu ya lura da abin da ya sa a gaba da abin da ya tsallake.

Kalmar "bakinsa" ma tana son a tsaya a kanta. Mahommah Baquaqua, haifaffen Jugu a arewacin Benin ta yau, kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja, ya ce mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. An kai shi Barazil, ya tsere daga jirgin ruwa a New York a 1847, littafinsa ya fito a Detroit a 1854. Amma wani Bature, Samuel Moore, shi ya tsara shi, kuma kashin farko muryar Moore ce ke bayanin Afirka kafin a bar mai labarin ya ce "ni". Haka Dorugu, wani yaro Bahaushe da aka taɓa bautarwa, wanda ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Turai: da Hausa ya faɗi labarinsa, amma alƙalamin na ɗan mishan Schön ne. Don haka tambayar farko da ɗalibi zai yi ita ce wa ya riƙe alƙalami, kuma wa ake so ya karanta.

Sunan kuma yana sa a zaci kowane labari da 'yanci yake ƙarewa. Umar bai samu ba. Ya rasu yana bawa, ya haura shekara 90, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Takardarsa tana Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka tun 2017, an kuma sa hotunanta a intanet. Rubutun irin na Magariba ne, dangin wanda muke gani a allo, kuma duk wanda ya sauke izu huɗu zai gane shafin farko ba tare da tafinta ba.